Yadda ake sauraren albam har ƙarshe, da yadda za ka faɗi abin da ka ji

Ran nan da dare muna fada nan Tawa, shayi na bisa gawayi ko na farko ba a sauke ba, sai na tura ma ƙanena wani albam a waya na ce mishi saurara ka gaya mini yadda ka ji. Wallahi ko minti ukku ba a yi ba ya zare ekuter, abin sauraren nan na kunne, ya ce "Yaya, wanga bai yi ba." Na amshi wayar na duba, ashe waƙa tara ce duk ya bi ta kansu, wagga ya ba ta sakan goma waccan ashirin, yatsa bisa gilas yana ta turawa gaba kamar mai neman lambar wani. Abin ya tsaya mini a rai, ba wai dole sai ya so abin da nike so ba, a'a kowa da kunnenshi, amma a ce mutum bai ji abu ba har ya yanke mishi hukunci, kuma na san ba shi kaɗai ba ne, haka yawancinmu munka koma tun da waƙa ta cika waya ba ka sayen ta ba ka wahalar neman ta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ni nike yi tun zamanin kaset, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ka fara da sanin cewa jerin waƙoƙin nan ba haka kawai anka zuba su ba. Faifan garmaho mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fitar a Amurka a 1948, kowane gefe nashi minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, to dole mawaƙi ya zauna ya yi tunani wace waƙa za ta buɗe gefe na farko, wace za ta rufe shi ta sa mutum ya tashi ya juya faifan, wace kuma za a bar shi da ita ya kwana. Kaset da kamfanin Philips ya kawo a 1963 ita ma gefe biyu ce, mai lamba 60 minti talatin-talatin, mai 90 kuma arba'in da biyar kowane gefe. Sai da CD ya zo a 1982 sannan anka samu wajen minti saba'in da wani abu a jere ba juyi, kuma a ganina daga nan ne wasu mawaƙa sunka fara cika albam da waƙoƙin da ko babu su ba a rasa komi ba. Misalin da nike so in ba ka shi ne Exodus na Bob Marley, 1977. An harbe shi a Kingston a watan Disamba 1976, ya bar Jamaika ya koma Landan, can ya yi albam ɗin. Waƙa goma, biyar-biyar. Gefe na farko nauyi gare shi, maganar zalunci ce da masu laifi da hijira, gefe na biyu kuma sai ya saki jiki, soyayya da kwantar da hankali. In ka kunna shi a haɗe-haɗe wayar na zaɓar maka, za ka ji waƙoƙi masu daɗi dai, amma tahiyar mutumin daga tsoro zuwa natsuwa ta wuce ka ba ka sani ba.

To shiri. Ka sauke albam ɗin gaba ɗai, in mega ne matsala ka jira forfe na dare, kada ka dogara da rezo yana yanke maka waƙa a tsakiya. In daga memuwar ɗin wani ka kwaso ko wajen masu tura waƙa na kasuwa, ka duba jeri, don waya takan jera su bisa haruffan sunansu ne, sai ka tarar ta ƙarshe ta dawo ta biyu. Ka nemi jerin gaskiya a intanet ka sake musu suna da kanka, 01, 02, 03 har ƙarshe, aikin minti biyar ne. Ka kashe alamar nan mai kibiya biyu da ke cakuɗa jerin waƙoƙi. Ka sa wayar a yanayin jirgi, WhatsApp ba ya gudu. Sannan maganar ekuter, don Allah kunne biyu, ba irin na raba ɗaya kai ɗaya abokinka ba, saboda da yawan faya-fayan da anka yi a shekarun 1960 an raba kayan kiɗan ne, wasu hagu wasu dama, in kunne guda ka sa to rabin orkes ɗin ka sallama gida. Lasifikar waya kuma ba ta iya fitar da bas, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, ƙarama ce, duk kiɗan da ƙarfinshi ke ƙasa kamar rege ko kiɗan Fela zai fito maka kamar ana buga gwangwani. In ba ka da ekuter mai kyau ka ari ƙaramar lasifika ta Bluetooth. Kuma kada ka ƙure murya, in wanda ke zaune kusa da kai yana jin abin da ke fita daga kunnenka to ka yi yawa, kunne ba a sayen wani.

Lokaci ma ka zaɓa. Ni bayan isha'i nike yi, ko kuma in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke gari ya yi tsit, in fitar da tabarma tsakar gida. Ka duba tsawon albam ɗin ka auna kada kiran salla ya same ka a tsakiya, in kuma ya same ka ka tsayar, ka dawo ka ɗora daga farkon waƙar da ka bari. Tahiya cikin kar ma wuri ne mai kyau, daga nan zuwa Yamai ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso ka ji albam biyar ka ƙara, sai dai ƙarar mota na cinye ƙananan sautuka, don haka ban cika yin ji na farko a hanya ba.

Ji ukku nike yi ma kowane albam kafin in buɗe baki.

Na farko ba ka yin komi. Ba bik, ba kaye (biro da littafin rubutu ke nan), ba karanta abin da wasu sunka ce a kai, wanga na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci don da zarar ka karanta cewa albam kaza shi ne gwani na gwanaye to kunnenka ya daina zama naka, za ka zauna kana neman abin da anka ce maka akwai. Ka kunna ka aje wayar nesa da hannunka. Za ta kai ka wurin da za ka gaji, hannu zai yi ƙaiƙayin turawa, ka daure, ka riƙe a ranka cewa a nan na gaji, shi ma bayani ne. In ya ƙare kada ka ɗora wani kiɗa nan take, ka zauna shiru ko minti biyu ne, ka ji wane sauti ne ya rage yana yawo a kanka. Sannan ka ɗauko kaye ka rubuta layi biyu ko ukku, da kwanan wata. Ba sharhi ba, abin da ya same ka kawai. "Na ji barci a ta huɗu." "Ta shida ta tuna mini da gidan kakata a Keita lokacin girbi." "Ban gane komi ba amma ƙafata ba ta daina motsi ba." Shi ke nan.

Na biyu, kashegari ko bayan kwana biyu, shi ne na aiki, kuma nan nike so in daɗe. Wanga karon ka bar mai waƙa ya yi ta waƙarshi, kai ka zaɓi abu guda a bayanshi ka bi shi tun daga farko har ƙarshen waƙar kamar yadda makiyayi ke sa ido bisa akuya guda cikin garke. A waƙa ta farko ka bi bas. A ta biyu ka bi ganga. A ta ukku ka bi 'yan amshi, ka ji yaushe suke shigowa, suna jiran ya gama ne ko suna tarar numfashinshi. Duk inda wani abu ya taɓa ka, ka kalli agogon wayar ka rubuta mintin, misali ta biyar 2:40, gitar ta biyu ta shigo. Da farko za ka ga kamar wahala ce, amma wallahi daga ranar da ka iya raba sautuka a kunnenka waƙar da ka ji sau ɗari sai ta zama sabuwa.

Bari in gaya maka yadda wanga ya yi mini da jaz. Wani malaminmu na lise ne ya ba ni Kind of Blue na Miles Davis, wani mai busa na Amurka, wanda anka ɗauka a New York a 1959, kiɗa biyar ne wajen minti arba'in da biyar ba muryar mutum ko guda. Ji na farko duk zamana jira nike mai waƙa ya shigo, bai shigo ba har abin ya ƙare, na rubuta a kaye cewa kamar mutane ne ke gyaran kayan kiɗa kafin a fara wasa. A ji na biyu na ce bari in bi bas kawai. Sai ga shi a kiɗa na farko, bayan 'yar shimfiɗa, bas ɗin ya faɗi wata 'yar jimla, piyano ya amsa mishi da sauti biyu, ya sake faɗi, sai masu busa sunka shigo su ma suna amsawa da sautin nan biyu. Tsigar jikina ta tashi, don wanga ai na san shi tun ina yaro, jagora ne da 'yan amshi, abin da makaɗanmu ke yi a ƙofar fada da wajen biki. Daga nan ƙofar ta buɗe, na gane kowane mai busa in ya karɓa magana ce yake yi, wani a hankali yana barin sarari tsakanin kalmominshi, wani kuma kamar ruwan Agusta. Har yau in raina ya ɓaci shi nike kunnawa.

Ji na ukku ka canza wuri, ko ka ji shi da wani. Ka bar mako guda ya wuce in za ka iya. Ka kunna shi da rana in da dare ka saba, ko a fada da abokai, ko a gida inda manya ke ji. Kuma sai yanzu ne za ka je ka karanta tarihinshi, wace shekara, a ina, mi ke faruwa a ƙasar a lokacin, sannan ka ga ko abin da ka sani ya canza abin da ka ji.

Ji da wani yana da wani sirri. Na taɓa kunna Moussolou na Oumou Sangaré, mawaƙiyar Mali, a tsakar gida, albam ɗinta na farko da ta ɗauka a Abijan a 1989 tana 'yar shekara ashirin da ɗaya, Inna na zaune tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta jin Bambaranci ko kalma guda, ni ma haka. Can sai ta tsaya da hannunta cikin shinkafar ta ce "Kai, wagga yarinya wa ya taɓa ta? Akwai abin da ke cin ta." Na ce Inna ban sani ba tukuna. Da na bincika sai na tarar sunan albam ɗin ma "mata" yake nufi, kuma maganar auren dole da halin da mata ke ciki ce take yi. Inna ta riga ni ji da kunne kawai. To in harshen ba naka ba ne kada ka ce ba ruwanka, ka saurari inda murya ke rawa, inda take hawa, inda take komawa kamar raɗa, ka rubuta abin da kake zato ana faɗi, daga baya ka nemi fassara ko ka tambayi mai jin harshen. Mu nan ma Allah ya hutar da mu, Buzaye da Fulani da Zabarmawa duk maƙwabta ne, in kana sauraren kiɗan gitar na Tamashek, harshen Buzaye, ka kai ma abokinka na Abalak ko Cintabaraden ya warware maka, zai ji daɗi ma an tambaye shi.

Yanzu babbar magana, kowane zamani da kowane irin kiɗa da kunnen da ake sa mishi. Kuskuren da na fi gani wajen samari shi ne su ɗauki ma'aunin waƙar studiyo ta yau, mai minti ukku da amshi tun sakan na goma sha biyar, su auna komi da shi.

Makaɗanmu na da, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo masu kotso, da Shata mai kalangu wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginshi, galibin abin da ke hannunmu nasu ba albam ba ne irin na Turawa, ɗauka ce ta gidan rediyo ko ta wajen wasa, masu kaset sunka harhaɗa. Za ka ji shuuu a baya, ka ji hayaniyar mutane, wani wuri murya ta dushe. Kada wanga ya kore ka, minti biyar kunnenka zai saba. A nan kalma ce sarauniya, ka bi yadda ake ɗinka kirari da zambo da habaici, ka ji yadda kalangu ke maimaita abin da baki ya faɗi, ka tambayi wani dattijo wane ne ake yi ma waƙar don rabin daɗin na can. Akwai wani tsoho mai sayar da kaset da nike zama wurinshi a kasuwa ina ɗan kolej, in na ce Baba sa mini gaba wagga ta yi tsawo sai ya ce "Ɗana, ba ka ji ko gaisuwa bai gama ba?" Kuma gaskiyarshi, makaɗin bai ma iso ga maganar ba.

Haƙurin nan shi za ka ɗauka ka kai wajen Fela, wanda a shekarun 1970 sau da yawa waƙa guda ce ke cika gefen faifai, a yi minti biyar ko fiye ana kiɗa da busa kafin ya ce uffan. Shi za ka kai wajen Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, waƙa guda ta kusa awa, ta maimaita layi guda sau da yawa amma in ka kasa kunne ba ta taɓa faɗin shi iri ɗaya sau biyu ba, kuma ihun da jama'a ke yi a zauren cikin waƙar yake, su ne ke roƙon ta ta sake. In ka shiga irin waɗanga da gaggawa ba abin da za ka fito da shi.

Na gida Nijar kuma, ina roƙon ka ka ba su irin zaman da kake ba baƙi. Ka nemi kiɗan Mamman Sani na 1978, mutum guda da organ ɗinshi ya ɗauki waƙoƙin gargajiya ya zuba su cikin na'ura, kaset kaɗan anka buga lokacin sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da shi. Duk wanda ya girma yana jin rediyo da talabijin na ƙasa zai ji kamar ya san sautin, don an daɗe ana sa kiɗanshi tsakanin shirye-shirye. Ni ji na farko ƙwalla ce ta zo mini, ban san dalili ba sai daga baya na gane ɗakin babana ne nike gani da rediyonshi mai pil. Ka nemi albam na farko na 'yan matan Illighadad, 2016, ƙauye ne nan cikin jiharmu wajen Abalak, gefe guda gitar ce a hankali da murya, ɗaya gefen kuma tende ne, turmi da fatar akuya da tafi da guɗa, an ɗauka a fili ba cikin studiyo ba. Wancan gefen na biyu kada ka saurare shi kana neman inda waƙa ta fara da inda ta ƙare, zama ne na dare anka gayyace ka. Sannan rap ɗinmu na farkon shekarun 2000, su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass Wong, kiɗan na iya yi maka tsufa a kunne yau, amma ka bi baitocin, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a cakuɗe, ka ji abin da ke damun samarin Yamai na lokacin, ka gwada da na yanzu.

Wata dabara mai daɗi ita ce ka ɗauki mutum guda ka ji albam nashi biyu masu nisa da juna a mako guda. Gwada da Mdou Moctar mai gitar, ɗan jihar nan ne. Na farkonshi, Anar, a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa, kuma ta waya zuwa waya ya yaɗu cikin Sahara. Sai ka ɗora Afrique Victime na 2021, gitar lantarki na ihu, ganga na gudu kamar dawakin sukuwa. Ka tambayi kanka mi ya canza, mi kuma bai canza ba. Ni abin da na rubuta shi ne na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kewar da ke cikin na farkon ta fi shiga raina, kuma har yanzu ban janye ba ko da abokaina da yawa ba su yarda da ni ba.

Waƙoƙin nanaye na yanzu da afrobit su ma kada ka raina su don kai mai jin tsoho ne, wanga shi ne kuskuren manya. An yi su ne don rawa da biki da lasifika babba, to ka auna su a nan, ka duba ko albam ɗin na da hawa da sauka ko kuwa waƙa guda ce anka canza ma riga sau goma sha biyu.

Saura faɗin abin da ka ji, ko a fada ko a rubuce a Facebook. "Ya yi" da "bai yi ba" ba su gaya ma kowa komi. Ka buɗe kayenka ka faɗi abu ukku, mi ya same ka, a wane wuri cikin albam ɗin, kuma mi kake zaton ya jawo shi. Maimakon "albam ɗin wuta ne" ka ce a ta ukku da ganga ta tsaya anka bar muryar ita kaɗai sai na ji kamar ni ake ma magana. Maimakon "shirme ne" ka ce daga ta biyar zuwa ta takwas duk gudu ɗaya ne da amshi iri ɗaya, na kasa bambance su ko a ji na ukku. Mai karatu zai iya zuwa wurin ya ji da kanshi, ya yarda ko ya ƙi, hira ta samu.

Ka raba "ban so ba" da "ba a iya ba". Akwai kiɗan da na san an yi aiki a kai, makaɗan gwanaye ne, amma bai shige ni ba, sai in faɗi haka kai tsaye. Akwai kuma wanda na san aikin ba wani mai yawa ba ne amma ina son shi don a bakans ɗin da na fara jin shi ina cikin farin ciki. Shi ma in faɗa, ba abin kunya ba ne, sai dai ka gaya ma mutane cewa tuna baya ne ke magana don kada wani ya je ya nema ya ce ka ruɗe shi. Kuma kada ka ari bakin wasu. In duk duniya ta ce albam kaza babu kamarshi kai kuma ka ji shi sau ukku da zuciya ɗaya bai motsa ka ba, rubuta hakanan, ka sa kwanan wata, ka dawo mishi bayan shekara. Ni a kayena akwai wurare da dama da na ja layi na rubuta sabon ra'ayi a ƙasa, tsohon ban goge shi ba.

In mawaƙin na gida ne ka ƙara kula da harshenka. Garin ga ƙarami ne, wanda ka yi ma rubutu gobe za ku haɗu wajen suna ko wajen gasar waƙa ta Ɗan Gurmu ta nan Tawa, kuma mai yiwuwa babur ɗinshi ya sayar ya biya studiyo. Ka faɗi gaskiya kan aikin, murya ta nutse cikin kiɗa, baiti na biyu bai kai na farko ba, amma ka bar mutuncinshi da iyayenshi da ƙabilarshi. In kuma aikin ya yi maka, ka saya in ana sayarwa, ka je konser ka biya kuɗin shiga, ko jika guda ce ka liƙa mishi.

Shi ƙanen nawa na sa shi ya yi yadda na faɗi, na ba shi tsohon kaye da bik. Bayan kwana tara ya same ni ina wanke babur ya ce "Yaya, har yanzu huɗun farko ba su yi mini ba, sun yi sanyi da yawa. Amma ta bakwai, wajen minti biyu da rabi, akwai wani mai tafi a kunnen hagu da ke makara kaɗan da gangan, shi nike ta bi tun jiya." Ni kaina shekara nawa ina jin albam ɗin ban taɓa lura da mai tafin nan ba, sai da na share hannu na amshi ekuter ɗin na ji, kuma yana nan. Yanzu na tura mishi na Mamman Sani, ya ce sai ran Lahadi in ya dawo daga kasuwa zai yi ji na biyu.